Maigida na Dingyaɗi, Kwamfuta na Shago

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a cikin birnin Sakkwato, amma a 'yan shekarun nan tambayar da masu shaguna suka fi kawo mini ba ta gyara ba ce. Mutum zai zauna a benci, a gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, can sai ya sassauta murya ya ce: wai da gaske ne ina kwance a ɗakina zan iya ganin abin da ke cikin kwamfutar shagona? Da gaske ne. Manhajar da ke yin wannan aiki ba ta cin minti goma wajen girkawa, wata ma kyauta ce. Sai dai na lura duk wanda aka ba shi amsar nan a tsaye ya tafi, ba ya jimawa yake dawowa da faɗa. Shi ya sa nake son in ba da ita a zaune.

Zan kafa misali da shagon kawuna, ƙanin mahaifiyata, domin shi na fi sani ciki da waje. Gidansa yana Dingyaɗi, shagon kuma yana Boɗinga, a bakin babban titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Shagari da Tambuwal ya nufi Jega. Kayan noma yake sayarwa: takin kamfa da yuriya, maganin ciyawa, maganin ƙwari, irin albasa, da 'yan kayan gyaran injin ban ruwa na masu noman rani. Shekara da shekaru da littafi da biro yake lissafinsa. Abin da ya shigo da kwamfuta shagon shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. A watannin nan ciniki ya rikice: wannan ya tura ta waya, wancan ya sa kati a POS, wani ya ba da rabi a hannu ya ce ragowar tana hanya, wani kuma ya nuna alat ɗin da bai taɓa isowa ba. Littafi ya kasa. Aka sayo tsohuwar kwamfutar tebur ta hannu, HP, aka buɗe mata jadawali a Excel, aka ɗora yaron shago a kai, wani ɗan maƙwabci da ya gama sakandare.

Daga baya gwiwa ta matsa wa Kawu, likita ya ce ya rage hawan babur. Zuwa shago kullum ya koma zuwa ranar kasuwa kawai. Ranar da na je gaishe shi, yana kishingiɗe a zaure, ƙafar a miƙe kan buzu, ya ce da ni: "Kai ɗan nan, ni dai abin da anka saida yau nika son in gani, da wanda yac ci bashi." Ku riƙe wannan magana tasa, don zan komo kanta.

Irin Kawu suna da yawa a yankinmu. Dingyaɗi gari ne da ya daɗe da 'yan boko, tun zamanin su Makama Sani Dingyaɗi, kuma har yau akwai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da ke wuni a ofis a Sakkwato alhali suna da kemis ko shagon fotokwafi ko na kayan masarufi a gida, a hannun ƙane ko ɗan riƙo. Wasu kuma akasin haka, shagon yana birni, su suna ƙauye. Kowanne dai jikinsa na wuri ɗaya, jarinsa na wani wuri.

Yadda abin yake aiki ba shi da wani sihiri. Ana sa manhaja a kwamfutar shago, a sa 'yar'uwarta a wayar maigida ko a wata kwamfutar da ke gida. Ta shago tana ɗaukar hoton fuskar kwamfutar a kai a kai tana turawa, ta gida kuma tana mayar da duk abin da ka taɓa ko ka rubuta. Lissafin ba ya barin shago. Fayil ɗin Excel yana can inda yake, kai dai kana kallonsa ne kana juya shi daga nesa. Dabarar ma tsohuwa ce, tun ƙarshen shekarun 1990 wasu masu bincike a Kambirij ta Ingila suka fito da tsarin da ake kira VNC, kuma har yanzu ana amfani da shi.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne akwai na uku a tsakani. Kwamfutar shago da wayarka ba su san inda juna suke ba. Kowacce tana kiran babbar na'urar kamfanin da ya yi manhajar, ta ce ga ni nan, ita kuma ta haɗa su, kamar dillalin kara da ke sa hannun mai saye cikin na mai sayarwa. Wannan ne ya sa manhajojin AnyDesk da TeamViewer da Chrome Remote Desktop suke aiki a Boɗinga ba tare da wahala ba, yayin da hanyar da ke cikin Windows ita kanta, wadda ake kira Remote Desktop, take ba mutane ciwon kai. Ita wannan tana son a buga wa kwamfutar shago kai tsaye ta adireshinta na intanet. To mu kuwa intanet ɗinmu ta layin waya ce, MTN ko Airtel ko Glo, kuma kamfanonin waya sukan tara masu layi da yawa a ƙarƙashin adireshi guda. Ka buga daga waje, babu wanda ya san wa kake nema. Ƙari a kan haka, Windows nau'in Home, wanda shi ne a kan kwamfutoci da dama, ba ya karɓar irin wannan shiga sam, sai nau'in Pro. Idan ka ji wani ya ce zai buɗe maka ƙofa mai lamba 3389 a rauta don a riƙa shiga kai tsaye, ka gode masa ka ce a bari. Ɓarayin intanet suna da na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai laluben wannan ƙofa a duk faɗin duniya.

TeamViewer da AnyDesk duka na kamfanonin Jamus ne, na farko ya fito a 2005, na biyu a 2014. Dukansu suna da na kyauta, amma na kyautan an ware shi ne don amfanin kai, kamar ka taimaki mahaifinka ya gyara wayarsa. Harkar kasuwanci lasisi ake saye, da kuɗin waje, kuma TeamViewer idan ya zargi kasuwanci kake yi da shi yakan riƙa katse ka bayan 'yan mintoci. Masu girkawa da yawa ba sa faɗa wa mai shago wannan. Ni Chrome Remote Desktop na Google na sa wa Kawu. Kyauta ne, yana ɗaure da asusun Gmail ɗinsa, sannan yana neman lambar sirri da ba ta gaza lambobi 6 ba kafin ya buɗe. Akwai kuma RustDesk ga masu son abin da za su iya sarrafa shi da kansu, amma wannan na masu ɗan ilimin abin ne.

Ranar gwaji ina Dingyaɗi kusa da Kawu, yaro yana shago, waya a kunnensa. Na shiga. Fuskar kwamfutar ta bayyana a wayar Kawu, ƙanana-ƙananan layuka, sai da na ware yatsu biyu na buɗa ta kafin ya iya karanta suna. Ya sa yatsa ya ja. A can shago 'yar kibiyar nan ta kama tafiya ita kaɗai, ta haura, ta sauko, ta buɗe shafin bashi. Muna jin yaron ta waya yana salati. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce: "Gaya mishi ni na, ba aljani ba."

A wannan dariyar akwai matsala ta farko. Kwamfuta ɗaya ce, fuska ɗaya, kibiya ɗaya. Abin da maigida ke gani shi yaro ke gani, kuma idan ɗaya ya ja dama ɗaya ya ja hagu, ba mai yin aiki. Sai ka ga manomi yana tsaye da kuɗinsa yana jiran rasit, yaro na ƙoƙarin rubuta buhu biyu na yuriya, Kawu kuma daga zaure yana neman sunan wani mai bashi na bara. Sau da yawa lambar da yaro ya buga takan faɗa gidan da ba nata ba. Da Remote Desktop na Windows ma abin ya fi muni, don da ka shiga daga nesa sai ya kulle wanda ke gaban kwamfutar gaba ɗaya. Don haka dole a raba lokaci. Lokacin da ya fi dacewa da maigida kuwa shi ne bayan sallar isha'i, ya ci tuwo, gida ya yi shiru.

Bayan isha'i kuma shago a rufe yake, kwamfuta a kashe.

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne yawancin masu dawo mini da faɗa suke tuntuɓe. Ba a shiga kwamfutar da ke kashe. Ba a shiga wadda ta yi barci. Ba a shiga wadda intanet ɗinta ta tafi. Abubuwa uku ne dole su kasance a farke a cikin shagon da aka garƙame da kwado: kwamfutar, na'urar intanet, da wutar da ke riƙe da su. Duk wanda ke zaune a yankin da kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke kula da shi, wato Kaduna da Zamfara da Kabi da Sakkwato, ya san ba a yi wa wutar NEPA alkawari. Janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama abin da ake tayarwa da lissafi, balle a bar shi yana ruri a shagon da ba kowa.

Kwamfutar tebur irin ta Kawu da an ɗauke wuta take mutuwa nan take, kuma idan an dawo da ita ba ta tashi da kanta sai an danna. Akwai saiti a can cikin BIOS, wurin da ake shiga kafin Windows ya buɗe, da ke ce mata duk lokacin da wuta ta dawo ki kunna kanki. Na sa mata shi. Ya taimaka, amma mutuwar farat ɗaya a kai a kai tana lalata faifan ajiya, kuma ta sha cinye rubutun da yaro bai adana ba. A ƙarshe shawarar da na ba Kawu ita ce ya sayar da ita ya sayi laftof ta hannu mai batir mai rai. Laftof tana zuwa da batirinta, kuma cinta kaɗan ne. Duba jikin cajarta, mafi yawa za ka ga wat 45 ko 65, abin da ƙaramin sola da batir ɗaya za su riƙe. Sai a shiga saitin wuta a hana ta barci, a kuma gaya mata ko an rufe murfinta kada ta kwanta. Intanet kuma a sa ƙaramar mifi mai batir, a bar ta a caji. Kada a dogara da wayar yaro, domin idan ya tashi da wayarsa zai tafi, intanet ɗin shago ta bi shi gida.

Ko an yi duk wannan, ni ba na son a bar kaya a kunne har safe. Shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ko da dare ba ya hucewa da wuri. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar kwamfuta har ta riƙa zafi kamar dutsen guga. Ga batir, ga inbata, ga wayoyin da aka yi wa haɗin gambiza, ga jarkokin maganin feshi a gefe. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ba ya wasa da maganar wuta a shagon da ba kowa. Abin da muka tsayar shi ne a sa wa kwamfutar lokacin da za ta kashe kanta, ƙarfe goma na dare. Kawu yana da lokaci daga rufe shago zuwa goma. Wanda bai gama duba cinikin wuni ɗaya a wannan tsakani ba, ba lissafi yake yi ba.

Sai sabis. A Dingyaɗi akwai ɗakin da layi ɗaya ke kamawa ɗaya ba ya kamawa, kuma shiga daga nesa tana bukatar sabis a wuri biyu lokaci guda. Idan ɗaya ya yi rauni, za ka taɓa abu ka zauna jiran kibiya ta motsa. Rage kyan hoto a cikin saitin manhajar yana sauƙaƙa wannan, yana kuma rage cin data, abin da ya zama dole tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin kowa. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, bayan an yi haka a Zamfara. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da 'yan kasuwa a Najeriya suka ji a jikinsu. Akwai Starlink da ya shigo ƙasar a Janairun 2023, wanda ba ruwansa da turken kamfanin waya, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin ribar shagon taki. Don haka littafin takarda bai mutu ba. Na ce wa yaron ya ci gaba da rubuta jimillar kowane wuni da biro, ko kwamfuta na lafiya.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda masu shaguna suka fi ƙin saurare. Hanyar da ka buɗe don ka shiga, duk wanda ya samu mabuɗin zai bi ta. Kuma me ke cikin kwamfutar Kawu? Sunayen manoman Dingyaɗi da Sifawa da Danchaɗi da ƙauyukan Shagari da suka ɗauki taki bashi sai kaka, da lambobin wayarsu, da adadin da ake bin kowa. Akwai dattijon da zai gwammace ya sayar da akuyarsa da a ji a gari cewa ana binsa kuɗin buhu uku. Rubuta bashi umarni ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa take. Amma wanda ya rubuta ya ɗauki amanar rufin asirin wanda aka rubuta. Ko a dokar ƙasa, tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a. Ban da wannan, a kwamfutoci da yawa da ake kawo mini nakan tarar an bar shafin banki ko na Moniepoint ko OPay a buɗe, burauza ta haddace kalmar sirri.

Ta ina ake shigowa? Ba kasafai ake fasa manhajar ba, ko da yake yana faruwa: a Fabrairun 2024 kamfanin AnyDesk da kansa ya sanar cewa an kutsa cikin na'urorinsa, ya nemi mutane su sauya kalmomin sirri. Abin da ya fi yawa shi ne mabuɗin da aka bari a hannun wanda bai kamata ba. A Mayun 2021 kamfanin bututun mai na Colonial a Amurka ya tsayar da aiki na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama, ya biya fansar dala miliyan 4.4. Da aka bincika, ta wani tsohon asusun shiga daga nesa aka bi, wanda ba a amfani da shi kuma ba a rufe ba, kalmar sirri ɗaya tak ke tsare da shi. Idan haka ta faru da kamfanin da ke da ma'aikatan tsaro, ina ga shagon da lambar sirrinsa ita ce 123456, ko shekarar haihuwar maigida, kuma an rubuta ta da maka a jikin bango bayan kalanda?

A wurinmu mabuɗin yakan zauna a hannun mutum uku. Na farko yaron da aka sallama bara, wanda har yanzu manhajar tana wayarsa. Na biyu mai kiran waya. Zai kira shago da murya mai daɗi, ya ce daga kamfanin POS ne ko daga banki, an ga matsala a asusunku, a sauke AnyDesk a karanto masa lambar da ta fito. Yaro ya karanta, ya danna amincewa, shi ke nan baƙo ya zauna a kujerar maigida. Wannan damfara ta yi ƙamari a Indiya har babban bankin ƙasar ya fitar da gargaɗi a kanta a 2019, kuma babu abin da ya hana ta aiki a nan. Dokar da na kafa wa yaron Kawu gajeriya ce: duk wanda ya ce ka karanto masa lamba daga kwamfuta ko daga waya, kashe kiran ka kira Kawu.

Na uku kuwa irina ne, mai gyara. Mu muke girkawa, mu muke zaɓar kalmar sirri, kuma da yawa daga cikinmu mukan bar wa kanmu hanya don kada a riƙa taso mu daga Sakkwato saboda ƙaramar matsala. Niyyar ba lallai ta zama mugunta ba. Amma wayar mai gyara tana iya ɓata, yana da yara a shagonsa da ke taɓa kwamfutarsa, kuma yau da gobe sai Allah. Da na gama aikin Kawu na miƙa masa wayar na juya baya, na ce ya sa lambar da shi kaɗai ya sani. Ya ce: "Haba ɗan nan, kai ma?" Na ce e Kawu, har ni. Idan ana bukatata, akwai lambar wucin gadi da manhajar ke bayarwa, ta yi aiki sau ɗaya ta mutu. Na kuma kunna masa tabbaci mai hawa biyu a Gmail, yadda ko wani ya san kalmar sirrin sai an nemi amincewa daga wayar da ke aljihunsa.

Tsohon Windows ma ƙofa ce. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na yau da kullum ya cika a ranar 14 ga Oktoban 2025. Chrome ma ya daina sabunta kansa a kan Windows 7 tun farkon 2023. Kwamfutar da ke zaune ba intanet tana iya lallaɓawa da tsohon kaya. Wadda za a bari a kan intanet kowane dare ba ta da wannan sararin.

Wani abin da ake rikitawa: ganin lissafi daga gida ba ajiye shi a gida ba ne. Na faɗa a baya, fayil ɗin yana shago. Idan aka fasa shagon aka ɗauke laftof, ko gobara ta tashi, ko faifan ya mutu, wayar maigida ba ta riƙe da ko layi ɗaya. Kwafi na biyu dole ne, a filashi da ke kwana a gida, ko a Google Drive, kuma a riƙa buɗe shi lokaci-lokaci a tabbatar yana buɗuwa.

To mu koma kan maganar Kawu ta zaure. Bai ce yana son shiga kwamfuta ba. Cewa ya yi yana son ganin abin da aka sayar da wanda ya ci bashi. Da muka yi 'yan watanni ana fama da caji da sabis da jiran kibiya, sai na kwashe jadawalin daga Excel na mayar da shi Google Sheets. Yanzu lissafin yana intanet. Yaro yana rubutawa a shago, Kawu yana buɗewa a wayarsa duk lokacin da ya so, ko laftof tana kashe, ba mai ƙwace wa wani kibiya, kuma akwai tarihin da ke nuna wa ya sauya wace lamba da yaushe. Kuɗin da suka shigo ta POS dama manhajar kamfanin tana nuna su a wayarsa. Shiga daga nesa ta koma abin da ake yi jifa-jifa, idan firinta ta ƙi ko wani abu ya rikice. Ra'ayina ke nan ga mafi yawan ƙananan shagunan Boɗinga da Shagari. Wanda lissafinsa bai wuce shafi ɗaya a wuni ba ma, hoton littafi ta WhatsApp kowace magariba ya ishe shi. Masu bukatar shiga kwamfuta da gaske su ne waɗanda manhajar cinikinsu ke zaune a cikin kwamfutar ba ta fita, kamar wasu kemis da manyan kantuna masu tsohon QuickBooks ko Sage, ko masu shagon buga takardu da ke son tura aiki firinta daga gida.

Akwai kuma abin da babu manhajar da ke yi. Kwamfuta tana nuna abin da aka rubuta mata ne kawai. Buhun da ya fita ba a shigar ba, ko daga Makka ka leƙo ba za ka gan shi ba. Masu zuwa wurina da sassauta murya yawanci zargi ne ya kawo su, suna son su riƙa leƙen yaro bai sani ba. Nakan ce musu ba na yi. Manhajojin nan ma sukan nuna alama a fuskar kwamfuta idan wani ya shiga, kuma yaron da ya gano ana leƙensa a ɓoye, idan mai gaskiya ne ka ɓata masa rai, idan maras gaskiya ne ka koya masa ya daina rubutawa. Kawu ya kira nasa ya zaunar da shi, ya gaya masa ga abin da aka sa, ga lokacin da zai riƙa dubawa. Ranar kasuwa kuma, gwiwa ko ba gwiwa, yana sa a kai shi shago, ya zauna a kujera, a ƙirga buhuna ɗaya bayan ɗaya a gabansa a gwada da abin da jadawali ya ce.

Mai karatu, idan an taɓa girka maka irin wannan manhaja a shago, gobe da safe kafin ciniki ya kankama ka buɗe ta ka duba na'urorin da aka ba izinin shiga. Wadda ba ka gane ba ka cire ta. Ka sauya lambar sirri da hannunka, kada ka faɗa wa wanda ya girka, sannan ka kwafi lissafinka a filashi ka tafi da shi gida.